Waswasi a Kan Ƙwallo: Abin da Ke Daskarar da Ɗan Wasan Golf

A cikin dukkan wasannin da ake yi da ƙwallo, golf, wanda wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu, shi ne wanda a bisa zahiri ya kamata ya fi kwantar wa mai yinsa da hankali, domin ƙwallon yana zaune wuri guda ba ya motsi, babu abokin karawa da zai sheƙo a guje ya ƙwace shi, babu mai tsaron raga, kuma ladabin wasan ya wajabta wa 'yan kallo su yi tsit har sai an buga. Amma duk da wannan rangwame, da wuya a sami wani wasa da ya tara labarun gwanaye waɗanda hannuwansu suka ƙi yi musu ɗa'a a daidai sa'ar da suka fi bukatarsu kamar yadda golf ya tara. Mutum ya shekara ashirin yana bugu iri ɗaya har ya zame masa jiki, sa'an nan wata rana ya tsaya a kan ƙwallo, sanda tana hannunsa, ya kasa ɗaga ta, ko kuwa ya ɗaga ta hannun ya zabura kamar an tsikare shi. Ra'ayina a kan wannan mas'ala, wanda nake so in kafa masa hujja a nan, shi ne cewa tsoro ba shi ne asalin illar ba, kuma wanda ya ɗaura niyyar kashe tsoro ya ɗauko wa kansa aikin da ba zai ƙare ba. Asalin illar shi ne yin shawara a lokacin da ya kamata a ce shawara ta riga ta ƙare.

A shekarar 1970, a filin St Andrews na ƙasar Sikotilan, wanda masu wannan wasa suke ɗauka a matsayin mahaifarsa, wani Ba'amurke mai suna Doug Sanders ya iso rami na 18, wato na ƙarshe, a gasar Open ta Biritaniya, yana bukatar ya gangara ƙwallo tazarar da ba ta wuce ƙafa 3 ba domin ya ɗauki kofi. Ya tsaya, ya daidaita ƙafafunsa, ya dubi rami ya sāke dubawa, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan abu da ya zaci yana kan hanyar ƙwallon, ya sunkuya ya kawar da shi. Maimakon kuwa ya ja da baya ya sāke shiri daga farko, sai ya koma tsayuwarsa ta dā, hankalinsa a rabe, ya tura ƙwallon ya bi ta gefen dama ya wuce. Kashegari aka yi wasan raba gardama na ramuka 18, Jack Nicklaus ya rinjaye shi da bugu 1 tak. Sanders ya ci gasa 20 a babban zagayen ƙwararru na Amurka, ya zo na biyu sau 4 a manyan gasannin duniya, amma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa ɗaukar ko ɗaya daga cikin manyan ba.

Kada a ce wannan hatsarin rana ɗaya ne. A shekarar 2012, a gasar Players da ake yi a jihar Filorida, Kevin Na ya kammala zagaye na uku yana kan gaba, alhali duniya tana kallonsa yana kaɗa sanda a kan ƙwallo ba iyaka, ya ja da baya, ya dawo, wani lokaci ma ya wurga sandar ta saman ƙwallon da gangan don kada ya taɓa shi, yana yi wa kansa tsawa. A ranar ƙarshe 'yan kallo suka dinga yi masa ba'a, ya buga 76, kofi ya tafi hannun Matt Kuchar. Haka kuma Ernie Els na Afirka ta Kudu, mutumin da ya ci manyan gasanni 4 kuma aka san shi da laushin bugu, a ramin farko na gasar Masters ta 2016 sai da ya tura ƙwallo sau 6 daga dab da bakin rami kafin ya shiga, ya tashi da bugu 9 a ramin da ƙa'idarsa 4 ce. Hausawa kan ce faɗuwar gaba asarar namiji, kuma karin maganar yana da muhallinsa. Sai dai idan aka ɗora shi a kan waɗannan mutane an zalunce su, domin wanda ya yi ta cin gasa a gaban dubban jama'a shekara da shekaru ba a jefa shi cikin sahun ragwaye, kuma ba a ce bai iya ba.

Wajibi ne a nan a rarrabe abubuwa biyu da mutane suka saba cakuɗawa. Na farko shi ne abin da ke faruwa a jiki yayin da mutum ya fuskanci al'amari mai nauyi: jiki yana sakin sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarta, tafin hannu ya jiƙe, yatsu su ƙanƙame abin da suke riƙe da shi. Wannan halitta ce da Allah Ya gina ɗan Adam a kanta domin ya tsira daga haɗari, ba ta da alaƙa da ƙarancin jarumta, kuma manyan 'yan wasa sun san ta sarai, har ma sukan lissafa da ita, su ɗauki sandar da ba ta kai nisa ba a ramukan ƙarshe saboda sun san ƙwallon zai zarce yadda ya saba. Na biyu shi ne abin da hankali ke aikatawa idan ya ji jiki ya shiga wannan hali: sai ya tsorata da tsoron, ya ce lalle wannan bugu yana da muhimmanci, bari in sa ido a kan kowace gaɓa don kada ta yi kuskure. To, daga nan ne ɓarna take farawa. Na farkon ba a iya hana shi aukuwa, kuma ba shi da wata cuta mai yawa. Na biyun shi ne mai ɗaure hannu, shi ne kuma wanda yake karɓar magani.

Dalilin da ya sa sa ido yake ɓata aiki a fili yake ga wanda ya dubi lokacin da bugu ke ci. Daga ɗaga sanda zuwa haɗuwarta da ƙwallo bai fi kimanin daƙiƙa 1 ba, saukowarta daga sama kusan rubu'in daƙiƙa ne, haɗuwar kanta kuwa ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Hankalin da ke tunani da kalmomi, yana cewa gyara gwiwar hannu, juya ƙugu, kada ka ɗaga kai, wannan sauri ya fi ƙarfinsa, saboda haka duk umarnin da ya aika yana isowa ne a makare, ya tarar da gaɓoɓi suna tsakiyar aikinsu ya rikita su. Dubi matan da ke lugude a tsakar gida, su uku a turmi ɗaya, ɗaya ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe ba tare da ta karya kiɗan ba. Ranar da aka ce mata ta lura da yadda yatsunta ke sakin taɓaryar, ranar ce za ta buge ta 'yar'uwarta. Masaniyar halayyar ɗan Adam Sian Beilock da abokan bincikenta a Amurka sun jarraba wannan a kan masu gangara ƙwallon golf tun daga shekarar 2001, suka tarar cewa gwanaye sun fi dacewa idan aka shagaltar da kunnensu da sauraren wani sauti, ko aka ce su buga da hanzari, kuma sun fi kuskure idan aka ce su kula da motsin hannunsu, alhali kuwa masu koyo akasin haka suke, su kulawa da jinkiri ne ke taimakonsu. Ma'anar wannan ita ce nasihar da ta dace da almajiri guba ce ga wanda ya riga ya ƙware.

Tun kafin wannan, a shekarar 1992, wani masani a Ingila mai suna Richard Masters ya raba sababbin masu koyo gida-gida, aka koya wa wasu gangara ƙwallo da ƙa'idoji a zayyane, wasu kuma aka bar su suna bugu alhali an cika musu kai da wani aikin dabam don kada su sami damar tsara wa kansu dokoki. Da aka matsa musu lamba, sai waɗanda ba su da tarin ƙa'idoji a ka suka fi tsayawa da ƙafafunsu. Wanda ya taɓa leƙa filayen golf na Kano ko Kaduna ko Jos ko Abuja ya ga fassarar wannan bincike da idonsa. Yaron da ke ɗaukar wa manya jakar sanduna, wanda ya koyi bugu ta hanyar kallo da kwaikwayo da tsohuwar sanda guda ɗaya, yakan tsaya ya dubi inda yake so ya buga kawai, kuma daga cikin irin waɗannan yara ne da dama daga ƙwararrun ƙasar nan suka fito. Maigidansa kuwa, wanda ya shigo wasan da furfura bayan ya gama aikin gwamnati ko ya tara dukiya, ya karanta littattafai ya kalli darussa a intanet har ya haddace sharuɗɗa goma sha, shi ne za ka gani ya ƙame a wurin bugun farko, a gaban tsaransa da waɗanda dā suke ƙarƙashinsa, yana bitar sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ga kuma kunya ta hau kansa, domin mutumin da ya saba a miƙe masa idan ya shigo ba ya son a ga ƙwallonsa ya mirgina taku goma ya tsaya.

Akwai kuma wata illa da take tafe da kalmar kada. Masani Daniel Wegner ya nuna a shekarar 1998 cewa idan aka gargaɗi mai bugu da kada ya zarce rami, sa'an nan aka ɗora wa ƙwaƙwalwarsa wani nauyi, zarcewar ce take ƙaruwa, saboda hankali ba ya iya tsare kansa daga abu sai ya ci gaba da hararo abin. Wanda ya tsaya yana cewa a ransa kada in jefa cikin ruwa, ruwan ne ya cika masa ido. Hatta ƙwararru ba su kuɓuta daga karkatar da tsoron hasara ke yi wa hannu ba: masana tattalin arziki biyu, Devin Pope da Maurice Schweitzer, sun bi diddigin gangarawa fiye da miliyan 2 da rabi a gasannin Amurka, suka wallafa a 2011 cewa a tazara iri ɗaya 'yan wasa sun fi jefa ƙwallo idan suna gudun zarce ƙa'ida, a kan idan suna neman riba, inda sukan yi taka-tsantsan ƙwallon ya gaza isa. Saboda haka abokan wasa masu kyakkyawar niyya, waɗanda ke ce wa mutum ya natsu, ya bi a hankali, ya tuna abin da malami ya faɗa masa, ya yi hattara da tafkin da ke hagu, su sani cewa itace suke ƙara wa wutar da suke nufin kashewa.

Malamanmu na fikihu sun daɗe da sanin wannan ɗabi'a ta zuciya a babin da ya fi wasa daraja nesa ba kusa ba. Duk wanda ya yi karatun Ahalari ko Risala a zaure ya ji hukuncin mai waswasi, wanda shakka ta aure shi har ta zama tana zo masa kullum: ba a umarce shi da ya ƙara bincike ba, ba a ce ya yi ta maimaitawa har sai ya sami yaƙini ba, bal ma an umarce shi ne da ya watsar da shakkar ya wuce, domin malamai sun gane cewa biye wa waswasi abincinsa ne, kuma mai neman cikakken yaƙini a kan kowane motsi ba zai taɓa idar da komai ba. Ba ina daidaita ibada da wasa ba ne, Allah Ya kiyaye; abin da nake nufi shi ne zuciyar ɗaya ce, kuma hikimar da ta gano cewa shakka tana ƙaruwa da yawan kulawa tana da amfani a duk inda ɗan Adam ya tsaya zai aikata abin da ya riga ya iya.

Mai karatu yana iya kawo suka a nan ya ce, ashe ke nan maganin shi ne mutum ya daina tunani ya afka kawai? Amsar wannan tana Carnoustie, a gasar Open ta 1999, inda Bafaranshe Jean van de Velde ya iso ramin ƙarshe yana gaba da bugu 3, wato ko da ya yi bugu 6 a ramin da ƙa'idarsa 4 ce kofi nasa ne. Hanyar lafiya a buɗe take, ya yi gajerun bugu ya kauce wa rafin da ya ratsa filin; amma ya zaɓi dogayen sanduna, bugunsa na biyu ya daki rumfar 'yan kallo ya dawo cikin doguwar ciyawa, na uku ya faɗa rafi, har ya tuɓe takalma ya naɗe wando ya shiga ruwa yana tunanin bugawa daga ciki, daga bisani ya gama da 7, aka tafi raba gardama Paul Lawrie ya ɗauke kofin. Wannan mutum hannunsa bai daskare ba. Abin da ya rasa shi ne tadabburi a lokacin tadabburi. Sanders ya yi tunani a inda bai kamata ba, Van de Velde ya ƙi yinsa a inda ya kamata, kuma su biyun sun taru sun nuna cewa mas'alar ta tsara lokaci ce: shawara tana da muhallinta, zartarwa tana da nata, kuma hasara tana zuwa ne idan ɗaya ya shiga gonar ɗaya.

A kan wannan asasi ne malamar wasa Pia Nilsson ta ƙasar Suwidin, wadda Annika Sorenstam mai manyan kofuna 10 ta taso a hannunta, ta gina koyarwarta ita da abokiyar aikinta Lynn Marriott. Suna umartar ɗan wasa ya ƙudurta wani layi a ƙasa, 'yan taku kaɗan a bayan ƙwallo. A bayan layin nan yana da izinin yin duk lissafin da ya ga dama: nisa, iska, gangaren ƙasa, inda haɗari yake, sandar da ta dace, har da shawara da mai ɗaukar jakarsa. Idan ya yanke hukunci ya ƙetare layin, to ƙofar muhawara ta rufe, abin da ya rage shi ne ya daidaita, ya dubi inda ya nufa, ya buga cikin 'yan daƙiƙu, a bisa tsari ɗaya da ba ya canzawa ko a filin koyo ko a ramin ƙarshe na gasa. Idan kuwa shakka ta kutso bayan ya tsaya, ko ƙuda ya gifta, ko wani ya yi tari, to kada ya yi jayayya da ita yana tsaye a kan ƙwallo. Ya ja da baya ya koma bayan layi ya sāke ƙulla azama, wanda shi ne ainihin abin da Sanders bai yi ba. Dokokin wasan da aka sabunta a 2019 sun kwaɗaitar da kada bugu ya ci fiye da daƙiƙa 40, an kuwa yi haka ne don gudun ɓata wa jama'a lokaci, amma ni ina ganin rahama ce ga mai bugun kansa, domin kowace daƙiƙa da ya ƙara a kan ƙwallo ƙofa ce ya buɗe wa waswasi.

Tun da yake hankali ba ya zama fanko, dole ne a ba shi abin riƙo guda ɗaya, kuma gwargwadon yadda abin ya kasance a wajen jiki, gwargwadon amfaninsa. Joan Vickers ta Jami'ar Calgary a Kanada, wadda ta auna motsin idon 'yan wasa da na'ura, ta gano cewa gwanayen gangarawa sukan kafe idonsu a wuri ɗaya a jikin ƙwallo na tsawon daƙiƙa 2 zuwa 3 kafin bugu, su kuma bar shi a nan har bayan ƙwallon ya tafi, alhali idon marasa gwaninta yana ta tsalle tsakanin rami da sanda da ƙwallo. Louis Oosthuizen na Afirka ta Kudu ya ɗiga jan tawada a safar hannunsa a gasar Open ta 2010, ya mai da duban wannan ɗigo alamar cewa tunani ya ƙare aiki ya fara, ya kuwa ci gasar da ratar bugu 7. Wani kuma abin riƙonsa reshen bishiya ne can nesa, wani ƙirga ɗaya, biyu a zuci don kiyaye kiɗan bugun. A haɗa wannan da dogon numfashi guda, wanda fitarsa ta fi shigarsa tsawo, kafin a ƙetare layi, domin sakin numfashi a hankali yana sassauta bugun zuciya, sa'an nan a sassauta riƙon sanda da gangan, tun da yatsu ne farkon inda tsoro yake sauka.

Sai dai duk wannan tsari ba ya tsayawa ranar gasa idan ba a gina shi a cikin matsi ba, kuma a nan ne galibin masu sha'awar wasan suke yaudarar kansu, su zube kwandon ƙwallaye su yi ta bugu da sanda ɗaya zuwa wuri ɗaya, babu mai kallo babu abin da za a rasa, sa'an nan su yi mamakin yadda gwanintar ta gudu da aka kira sunansu a gaban jama'a. Earl Woods, tsohon sojan Amurka, ya riƙa yin tari da kaɗa kuɗin ƙarfe a aljihu da yar da jakar sanduna a daidai lokacin da ɗansa Tiger yake tsakiyar bugu, don ya saba da abin da zai tarar a gaba. Ba sai an kai ga haka ba. Ya isa mutum ya ɗora wa kansa sharaɗi, kamar ya ce ba zai tashi ba sai ya jefa 10 a jere daga ƙafa 3, in ya kuskure ɗaya ya koma farko, domin a na tara da na goma zai ɗanɗani irin bugun zuciyar da ke jiransa a gasa, ya koyi yin aiki tare da ita. Ya kuma riƙa canza sanda da manufa a kowane bugu, yana bin tsarinsa cikakke, kamar yadda wasan gaskiya yake.

Adalci ya wajabta a ambaci cewa ba kowace rawar hannu ce ta samo asali daga zuciya ba. Likitocin asibitin Mayo na Amurka sun nuna cewa a jikin wasu 'yan wasa akwai lalurar jijiya ta haƙiƙa, inda tsokokin hannu masu ja da masu saki suke ɗaurewa a lokaci guda, irin abin da ke samun wasu marubuta da makaɗa bayan shekaru suna maimaita motsi ɗaya. Tsoro yana tsananta ta, amma ba shi ya haife ta ba. Mai irin wannan ba ya bukatar wa'azin jarumta, yana bukatar likita da kuma sauya yadda yake riƙe sanda, don a ɗora aikin a kan wasu tsokoki. Bajamushe Bernhard Langer ya yi fama da zaburar hannu tun yana saurayi, ta tafi ta dawo ba sau ɗaya ba, kowane karo kuma yana sāke riƙo: ya sauya hannun da ke ƙasa, daga baya ya manne sandar a damtsensa na hagu, daga bisani ya koma doguwar sanda, kuma a tsakanin haka ya ci Masters a 1985 da 1993. Amma neman mafaka a ƙwaya ko barasa ɓata ne a kan ɓata. Hatta magungunan rage bugun zuciya hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta su a gasar golf, balle abin da ke gusar da hankalin da ake ƙoƙarin tattarawa.

Abin da ya fi kowane tsari nauyi shi ne yadda mutum yake ɗaukar kuskure bayan ya auku, domin mafi yawan daskarewa jiya ce take hana yau motsi. Langer ɗin nan shi ne ya kuskure gangarawar ƙafa 6 a ramin ƙarshe na gasar Ryder ta 1991, a karawarsa da Hale Irwin, kuskuren da ya sa kofin ya kuɓuce wa nahiyar Turai baki ɗaya. Mako guda bayan haka ya ci gasar Masters ta Jamus, kuma a 2023 ya kai nasara 46 a zagayen dattawa na Amurka, ya shafe tarihin da Irwin ɗin ya kafa. Rory McIlroy na Ailan ta Arewa ya shiga ranar ƙarshe ta Masters a 2011 yana gaba da bugu 4, ya wargaje ya buga 80, bayan wata biyu ya ci gasar Open ta Amurka da ratar 8. Ya kuskure gajerun gangarawa biyu a ƙarshen irin wannan gasa a 2024 ya rasa ta da bugu 1, sa'an nan a 2025 ya dawo gasar Masters a Augusta, ya jefa ƙwallo a rafi a rami na 13, ya sāke kuskure a rami na 18, duk da haka ya doke Justin Rose a raba gardama ya zama mutum na 6 da ya haɗa manyan kofuna huɗu na maza. Babu mai cewa tsoro ya bar shi a wannan yini, kowa ya ga alamarsa a fuskarsa. Abin da ya samu shi ne ikon ɗaukar kowane bugu a matsayin sabuwar mas'ala mai zaman kanta. Mu da aka tarbiyyantar a kan cewa bawa yana da azama da ƙoƙari, sakamako kuwa yana hannun Ubangiji, bai kamata wannan ya zame mana baƙon darasi ba, ko da yake sanin tawakkali a baki abu ne, aiki da shi a lokacin da gwiwa take rawa kuma wani abu ne dabam.

Saboda haka kirana ga masu koyar da wannan wasa a ƙungiyoyinmu shi ne su rage yawan ƙa'idojin da suke ɗura wa ɗalibi, su ba shi ɗaya ya narke a jikinsa kafin su kawo ta biyu, kuma su koya masa tsarin tsayawa da na ja da baya da irin himmar da suke koya masa riƙon sanda. Ga abokan wasa kuma, mafi alherin abin da za su yi wa wanda ya ƙame shi ne su kame bakinsu, su ajiye gyara sai an koma filin koyo. Shi kuwa mai bugun, ya daina jiran ranar da gabansa zai daina faɗuwa kafin ya ɗauki kansa ɗan wasa, domin ranar ba ta zuwa ga kowa. Ya yi shawararsa cikakkiya a bayan ƙwallo, ya zaɓi bugun da ya san yana iyawa ko da bai kai wanda yake sha'awa ƙawa ba, in ya matso kuma ya buga a kan lokaci, ya bar hukunci a kan kyau ko muninsa sai ƙwallo ya sauka.